Yadda Ake Gasa Kukis Masu Siffar Ban Tsoro Don Bikin Halowin

A Amurka da Ingila da Ayalan, inda ake bikin Halowin a daren 31 ga Oktoba, kusan kowane liyafar yara sai an ga faranti cike da kukis masu siffar fatalwa, jemage, kabewa da saƙar gizo-gizo. Gashin kansa ba shi da wuya. Abin da ke kayar da masu koyo shi ne kwaɓin sukarin da ake zane da shi, don haka a nan zan fi daɗewa.

Ki sami bota giram 225 wadda ta yi laushi amma ba ta narke ba, ki buga ta da sukari giram 200, ki fasa ƙwai ɗaya, ki sa vanila da ɗan gishiri, sannan ki zuba fulawa giram 380 ki haɗa har ta daina manne wa hannu. Kada ki sa bekin foda ko kaɗan, domin tana kumbura kukis, fukafukan jemage su koma dunƙule. Ki murza kwaɓin tsakanin takardun gashi biyu, kaurinsa kamar milimita 6, ki sa shi a firiji na awa ɗaya kafin ki yanka siffofin. Wadda ba ta da abin yanka na ƙarfe, ba sai ta kashe kuɗi a kan kayan da sau ɗaya ake amfani da su a shekara ba. Ta zana siffar a kwali, ta ɗora a kan kwaɓin ta bi da bakin wuƙa. Ki gasa a zafin digiri 180 a ma'aunin Celsius na minti 10 zuwa 12, ki fitar da zarar gefen ya fara sauya launi, ki bari su huce sarai.

Don kwaɓin zanen kuwa, ki tankaɗe garin sukari giram 450, ki zuba farin ƙwai biyu da ƙaramin cokali na ruwan lemun tsami, ki buga a hankali har ya yi fari fat. Idan ƙananan yara ne za su ci, garin merang, wato garin busasshen farin ƙwai, da ake sayarwa a shagunan kayan kek ya fi ɗanyen ƙwai aminci. Kuskuren da na fi gani shi ne a yi kwaɓi iri ɗaya a ce da shi za a yi komai, alhali kauri biyu ake buƙata. Na farko mai ƙarfi ne kamar man goge baki, da shi ake zagaye gefen kukis a yi masa katanga. Na biyu mai ruwa-ruwa ne, da shi ake cike tsakiya. Ki riƙa ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan kina juyawa, sannan ki ja layi da wuƙa a saman kwaɓin ki fara ƙirga. Idan layin ya ɓace tsakanin daƙiƙa 10 da 15, ya yi daidai. Idan ya ɓace nan take, ruwa ya yi yawa, zai tsallake katangar ya zubo a faranti, sai ki ƙara garin sukari. Ki rufe kwanon da jiƙaƙƙen ƙyalle a duk lokacin da ba kya ɗiba, domin samansa yana bushewa cikin mintuna, ɓawon kuma ya toshe bakin ledar da ake matsa kwaɓin a yi zane da ita.

Baƙin launi yana da nasa sharaɗin. Masu koyo sukan yi ta tuttula kala a farin kwaɓi suna ganin toka-toka, har ya yi ɗaci ya kuma baƙanta haƙoran yara. Ki fara da garin koko cokali biyu domin kwaɓin ya yi duhu, ki sa baƙar kala mai kauri kaɗan, ki rufe ki ajiye ya kwana, domin launin yana ƙara nuna da kansa. Ni ba na yarda da kala ta ruwa a wannan aiki, tana lalata kaurin da aka sha wahalar daidaitawa.

Saƙar gizo-gizo ita ce zanen da ake yi tun kwaɓin yana jiƙe: ki cike kukis da baƙi, ki zana farare zagaye uku ɗaya cikin ɗaya, ki ja tsinken sakace daga tsakiya zuwa gefe sau takwas kina goge bakinsa kowane ja. Fatalwa kuwa sai farin ya bushe na aƙalla awa ɗaya kafin a ɗiga mata idanu, in ba haka ba baƙin zai nashe cikin farin. Kabewa launin ruwan lemu ake mata da ɗan koren kara a sama.

Ki shanya su a fili na awa 8 ko su kwana, fanka tana kaɗa su, kuma kada ki sa su a firiji, domin raɓa tana narkar da zanen. Idan sun bushe, ki jera su a mazubi mai murfi da takarda tsakanin kowane layi, za su kai mako ɗaya ba su lalace ba.