Gejin tsohuwar mota ya daina aiki: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Idan allurar mai ta kwanta a E alhali yanzu aka cika tanki, ko ta zafin inji ta ƙi motsi, da yawa sai su nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka su sayo agogon dashbod na Beljiyam. A ɗaura, a murɗa makulli, allura na nan inda take, kuɗi kuwa sun tafi. Wutar geji daga fis take tasowa, ta shiga agogo, ta bi waya zuwa sensa, sannan ta koma bodi. Ko'ina a hanyar nan tana iya yankewa, kuma agogon ne ya fi wuyar lalacewa a cikinsu. Shi ya kamata a zarga a ƙarshe.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a duba allura nawa ne suka tsaya. In duk sun mutu lokaci guda, fis ne ko wayar at, wato nagatif ɗin da ake ɗaurewa a bodi. A Toyota akwai fis mai rubutun GAUGE, galibi 7.5A ko 10A, kuma a motoci da yawa fitilar ribas na shan wuta daga gare shi. Saboda haka in yana ƙonewa duk sanda aka sa ribas, a bi wayoyin fitilun baya, musamman inda suke lanƙwashewa a hannun murfin but. Mai wayarin da ya naɗa zaren waya a gurbin fis, ko ya sa na 30A don kada ya sake ƙonewa, ya mayar da wayoyin bayan dashbod su ne fis ɗin. Haka gobarar mota ke farawa.

In kuwa gejin mai da na zafi ne kaɗai suka rikice tare a mota irin Golf 2, akwai ɗan ƙaramin abu a bayan agogo da ke riƙe musu wuta a volt 10. A auna shi. In ya fita daga 9.5 zuwa 10.5, shi za a canja.

Matsalar at tana da alamarta. Ka kunna fitilar gaba ko fanka ta tashi, sai allurar zafi ta ɗaga. Ka kashe, ta sauko. Inji bai yi zafi cikin daƙiƙa ɗaya ba, wuta ce ta rasa hanyar komawa. A sa mitar auna wuta tsakanin jikin inji da kan nagatif na batir, inji na aiki, fitilu a kunne. Abin da ya haura volt 0.2 ya yi yawa. A kwance wayar, a kankare tsatsa da fenti da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam.

Gejin zafi ne aka fi yi wa ɓarna. Motoci da yawa na shekarun 1990, irin su Camry da Accord, sensa biyu gare su: mai waya biyu da ke kai rahoto ga kwamfutar inji, da ƙarami mai waya ɗaya wanda shi ne na geji. Sau da yawa ana canja mai waya biyun, geji bai san ana yi ba. Gwajin ba wuya. A zare wayar sensan geji, a murɗa makulli ba tare da tada inji ba, a haɗa wayar da jikin inji ta cikin ƙaramin ƙwan fitila na kamar wat 3. In allura ta fara hawa, waya da agogo lafiya suke, sensan ne ya mutu. In babu ƙwai sai an taɓa kai tsaye, kada a wuce daƙiƙa biyu, don barin allura danne a H yana ƙona agogon. Wajen ɗaura sabo kuma kada a naɗe haƙoransa da farin tef ɗin masu aikin famfo, domin ta haƙoran nan yake samun at.

Wani lokaci ma gejin gaskiya yake faɗa. Motar da aka cire wa tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, aka haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba a garejinmu, allurarta ba za ta kai tsakiya ba, balle da sanyin hunturu. Tamostat na yawancin Toyota yana buɗewa ne a kusan digiri 82, kuma injin da bai kai zafinsa ba mai yake sha. Akwai wadda ta fi wannan haɗari: allura ta hau sannan ta faɗo da kanta ana cikin tafiya. Mai yiwuwa ruwa ne ya ƙare, sensa ya koma cikin tururi. A tsaya, a bar inji ya huce kafin a taɓa murfin lagireto.

Gejin mai kuma yawanci matsalarsa fulot ɗin cikin tanki ne, wato sensa mai hannu da ƙwallo da ke yawo a kan mai, wanda a motoci da yawa ake isa gare shi ta ƙarƙashin kujerar baya. A cire nagatif na batir tukuna, ba sigari, ba testa mai ƙwai kusa da buɗaɗɗen tanki. A fito da fulot, a sa mita a om, a ɗaga hannunsa sannu a hankali. A tsofaffin Toyota da Honda karatun na sauka daga kusan om 110 in tanki ba komai zuwa kusan 3 in ya cika. In lambar ta yi tsalle ko ta ɓace a tsakiya, layin da hannun ke gogawa ya cinye. A girgiza ƙwallon ma; in an ji mai a ciki ya huje, kullum a E zai zauna. Fulot ɗin wata mota don kawai ya shiga ramin ba ya aiki, kowane kamfani da ma'auninsa.

Fitilar baƙin mai in ta kama, kada a ce sensa ne a zare waya a ci gaba da tafiya. A duba baƙin man, sannan a ɗaura gejin gwaji a gurbin sensan a ga ainihin ƙarfin man. Ƙwan fitilar batir ma ba abin cirewa ba ne: a tsofaffin motoci irin Golf ta cikinsa altaneta ke samun wutar fara caji. Inji na aiki, batir ya nuna volt 13.5 zuwa 14.5.

Agogon gudu a Peugeot 504 kebur ne daga giyabos. In allura na rawa ya bushe, in ta kwanta ya tsinke. A Honda Hala mai giyar otomatik kuwa, in gudu ya daina nunawa kuma fitilar giya ta D4 a dashbod na ƙiftawa, a fara da sensan gudu na kan giyabos da soket ɗinsa. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a ciro agogo, kuma ko a nan a duba dalmar bayan soket da gilashin ƙara girma, don sau da yawa tsagewa ta yi, mai gyaran rediyo zai sake narka ta. In dole sai an sayi wani, a dace da lambar da ke bayansa, da irin giya da yawan silinda.