Babi na Shida: Gaban Shago da Bakin Kwata

'Yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Na san wasunku daga Idumota kuka taso, wasu daga Balogun, wasu ma tun daga Agege, kun sha cunkoson mota kafin ku iso aji. Wannan babin ba mai wuya ba ne. Kowa ya sa yatsa a layin farko, mu tafi tare. Wanda karatu ya tsere masa ya ɗaga hannu, babu kunya, gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na 1: Ina ne gaban shagonka?

Gobe da safe ka tsaya a ƙofar shagonka, ka fuskanci titi. Za ka ga daɓen ƙofarka, sai hanyar masu tafiya a ƙasa, sai kwata. Kwata ita ce lambatu. A rediyo ana cewa magudanar ruwa, a nan Legas kuma za ka ji ana cewa gota. Duk abu ɗaya ne. A rubuta a allo: kwa-ta. A sake rubutawa sau uku.

Daga ƙofarka zuwa bakin kwata, tsabtar wurin a wuyanka take. Amma wurin na jama'a ne, ba na baza kaya ba. Ɗalibai kan juya maganar nan, su ɗauka wurin nasu ne idan za a kafa tebur, na gwamnati ne idan za a ɗauki tsintsiya. Matan nan masu rigar ruwan goro da kuke gani a manyan tituna, titi aka ɗauke su su share, ba ƙofar shagonka ba.

Darasi na 2: Shara

Kayan aiki: tsintsiya, shebur ko abin kwasar shara, manjagara, buhu ko babbar leda, da kwandon shara mai murfi.

Ka fara kafin masu saye su fito. Idan da ƙura, yayyafa ruwa kaɗan don kada ta hau kayanka da na maƙwabci. Ka sharo daga cikin shago zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin kwata. Ka tara sharar wuri ɗaya.

To, a nan ku tsaya. Duk abin da ya gabata kowa ya iya shi tun yana yaro. A nan ne ake faɗuwa.

Bayan ka tara, sai ka KWASHE. Ka sa shebur, ka ɗebe sharar, ka zuba a buhu, ka ɗaure bakin buhun, ka sa a kwando, ka rufe. Ba a tura shara cikin kwata. Mu faɗa tare: a tara, a kwashe, a zuba a buhu, a ɗaure. Baba na can baya, ban ji muryarka ba. A tara, a kwashe, a zuba a buhu, a ɗaure. Madalla, Allah ya ƙara basira.

Na sha zagayawa shagunan ɗalibaina da sassafe. Mutum zai yi shara tas, har ka ji sha'awa, sai ya waiga dama ya waiga hagu, ya sa bakin tsintsiya ya zurara tarin cikin kwata, ya kaɗe hannu. A ganinsa ya gama. Shi kuwa bai yi komai ba, ɓoye sharar kawai ya yi, kuma a ƙofarsa ya ɓoye ta.

Na san inda ɗabi'ar ta samo asali, ba kuma zargin kowa nake ba. A garuruwanmu akwai juji a bayan gari, ƙasa kuma tana shanye ruwa. Legas daban take. Gari ne da ke kwance a ƙasa-ƙasa, teku a gefe, tafki a gefe, ko'ina siminti da kwalta. Ruwan sama ba shi da hanya sai kwata. Damina tana kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ledar fiya wata ɗaya ba komai ba ce, amma taka da ta maƙwabcinka da ta mai shayin kwana, idan suka haɗu da yashi sai su zama bango. Ranar da ruwan ya rasa hanya, shagon da ke bakin kwatar zai fara shiga. Buhun shinkafa da turmin atamfa ba sa jure jiƙa.

Saboda haka, mene ne ake yi bayan an tara? A kwashe. Ina ake zubawa? A buhu. Kwata fa? Ruwa kaɗai.

Ga wani abin lura ga masu koyon karatu. Kalmar "tara" rubutunta ɗaya ne, ma'anarta uku: tara shara, lamba tara wato 9, da tarar da hukuma ke ci. Ku rubuta wannan jimla a littafinku: Wanda ya tara bai kwashe ba, za a ci shi tara.

Darasi na 3: Wa zai ɗauki buhun?

Ku dubi haruffan nan da kyau: L, A, W, M, A. Ana karanta su Lawma. Ita ce hukumar kwashe shara ta Jihar Legas. Tana aiki da kamfanoni masu zaman kansu da ake kira PSP, su ne masu manyan motocin da ke zagayawa unguwa-unguwa. Ka tambayi shugabannin layinku ko ofishin Babaloja ko Iyaloja, wato shugabannin kasuwa, ranar da motar take zuwa, da yadda ake biya. Ka rubuta ranar a bangon shago daga ciki.

Masu tura kurar shara fa? Maganar tana da nauyi a bakina, don da yawansu yaranmu ne da suka zo neman halal. Amma gwamnatin jiha ta hana wannan sana'a, dalilinta kuwa shi ne sharar takan ƙare a bakin titi ko cikin manyan magudanai. Idan ka ba su, kai ma ka shiga laifin. Na faɗa muku, na sauke nauyi.

Idan motar ta yi latti, buhun ya zauna a ɗaure cikin kwando. Kada ka ce ai kwana biyu ba su zo ba, bari in rage kaɗan a kwata. Ba a ragewa. Ko ɓawon lemo.

Darasi na 4: Safiyar Alhamis

A kasuwannin Legas, safiyar Alhamis ta tsabta ce, daga ƙarfe 7:00 zuwa ƙarfe 10:00. Ba a ciniki a lokacin. Ku zana agogo biyu, ɗaya gajeren hannu a kan 7, ɗaya a kan 10.

Ranar ce ake yashe kwata. Ka sa manjagara ka jawo leda da robobi, ka sa shebur ka ɗebo laka. Ga kuskure na biyu, ƙanen na farko: a jibge lakar a bakin kwata a tafi. Ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Ka bari ta tsane, sannan ka kwashe, ka zuba a buhu, ka ɗaure.

Haba jama'a! Makon jiya na bi ta wani layi da ƙarfe takwas na Alhamis, na iske ɗalibaina huɗu a kan benci suna shan shayi, ƙofa rabi a buɗe ana miƙa kaya ta ƙasa, kwata kuwa ta cika ta batse. Mutanen da ke alwala sau biyar a rana! Kuna jin wa'azin tsabta a masallaci, kuna gyaɗa kai. Ba ku ji abin da ya faru a Oktoban 2023 ba, da gwamnati ta garƙame kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta? Ku tambayi 'yan'uwanmu masu tumatir da tattasai abin da rufewar kwana ɗaya take yi wa kayan gwari. Ku yi haƙuri da faɗan, amma sau nawa zan maimaita?

Darasi na 5: Kaya da rumfa

Kaya su tsaya daga ƙofarka zuwa ciki. Kada tebur ko rumfa ko janareto su hau hanyar masu tafiya, kada a gina komai a kan kwata. Jami'an tsabtar muhalli na jiha da kuke kira 'yan KAI suna kwashe kayan da suka samu a hanya, mai kayan kuma yana iya tsintar kansa a gaban kotun tafi-da-gidanka. Shago mai fili a gabansa ya fi jan mai saye. Goge gilashi, jera kaya iri-iri, fenti sau ɗaya a shekara in da hali.

Masu abinci: farar robar tekawe mai kama da kumfa, an hana ta a Legas tun Janairun 2024.

Darasi na 6: Allon suna

Haruffa: L, A, S, A, A. Ita ce hukumar allunan talla ta jiha. Allon da ke fuskantar titi yana bukatar izininta, ana kuma biya. Kafin mai fenti ya rubuta, ka kawo sunan aji mu duba haruffan.

Darasi na 7: Rasit

Duk kuɗin da ka biya, na shara ko na 'yan kansul, wato ƙaramar hukuma, ka karɓi rasit. Duba sunan shagonka, duba shekara, duba hatimi. Adana a leda.

Darasi na 8: Gobara

A kashe wuta kafin a rufe shago. Lambar gaggawa: 112 ko 767.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmar "kwashe" sau ashirin. Ranar Alhamis zan zagayo in leƙa kwata.